Kilo Ɗaya A Ƙafar Mota Ba Daidai Yake Da Kilo Ɗaya A But Ba

Duk lokacin da Salla ta gabato, in mutum ya shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin a nan Ikko, ba zai rasa ganin 'yan'uwanmu 'yan Arewa ba a layin masu sayar da taya da rim. Wannan ɗan canji ne, wancan dillalin shanu ne, ga kuma direban haya da ya shekara yana tara kuɗi. Kowa so yake ya shiga garinsu mota tana walƙiya, yara suna bin ta a guje. Abin da aka fi yi wa mota kuwa don ta yi kwarjini shi ne a cire rim ɗin da ta zo da shi daga kamfani, a sa mata babba mai ƙyalli, inci 17 ko 18, da taya mai faɗi wadda gefenta bai fi tsawon yatsa ba.

Kwanan baya na tarar ana gardama a kan wannan batu a teburin wani mai shayi a Agege. Wani saurayi ne mai motar haya yake kuka. Ya ce, "Wallahi tun da na sauya ƙafafun nan motar ta zama kamar an ɗaura mata dutse. Tashi da kyar, mai kamar ana zuba shi a ƙasa, ga shokozoba ta gaba ta soma yoyo." Wani ya ce ai man da ake sayarwa ne ba kyau. Wani ya ce bakanike ne ya cuce shi. Sai wani dattijo, tsohon direban tirela, ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, ranar da ka sauya, ka ɗaga tsohuwar ƙafar da hannunka, ka kuma ɗaga sabuwar?" Ya ce, "A'a, Baba." Dattijon ya ce, "To, je ka ɗaga, sa'an nan ka dawo mu yi magana."

Dattijon nan bai yi boko ba, amma abin da ya faɗa shi ne abin da injiniyoyi masu ƙera mota suke kwana a kansa. In muka ce ƙafa a wannan bayani, muna nufin rim da taya a haɗe. Nauyin da ke ƙafar mota ya fi nauyin da ke cikin but ko kan kujera tsada, ta hanyoyi biyu daban. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

AIKI BIYU A KAN INJI

In ka sa buhun shinkafa a but, aiki ɗaya kurum inji zai yi a kansa, watau ya tura shi gaba tare da motar. Ƙafa kuwa aiki biyu take nema. Sai an tura ta gaba kamar sauran motar, kuma sai an juya ta. Juya abu mai nauyi aiki ne mai zaman kansa. Duk telan da ke ɗinki da keken ƙafa ya san wannan. Babban wilin nan da ke ƙarƙashin tebur ba ya tashi da sauƙi, sai an taimaka masa da hannu a sama, in kuma ya ɗauki gudu ba ya tsayawa nan take don an ɗage ƙafa. Haka wilin injin markaɗe yake. A wurin tela da mai markaɗe wannan hali alheri ne, don shi ke sa aikin ya tafi sumul. A wurin direban da zai tashi ya tsaya sau ɗari tsakanin Agege da Oshodi, hasara ce.

Har ila yau, ba yawan nauyin kaɗai ake dubawa ba, ana duban inda ya zauna. Gwargwadon nisan nauyi daga tsakiyar ƙafa, gwargwadon wahalar juya shi. Notin da ke ɗaure ƙafa yana kusa da tsakiya, saboda haka kusan ba shi da wani ƙarin kuɗi. Nauyin da ke bakin rim ya fi shi wahala. Wanda ya fi duka shi ne na fuskar taya, inda zanen yake, wurin da ke taka kwalta. A nan lissafin a fili yake: kilo ɗaya a fuskar taya, wajen tashi da wajen tsayawa, daidai yake da kilo biyu a but. Na jikin rim kuma ya kan kama wajen kilo ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Akwai masu cewa kilo ɗaya a ƙafa ya yi goma a cikin mota. Wannan zuƙi ta malle ce, lissafi bai wuce ninki biyu ba.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa babban rim yake da laifi ko da an auna shi an tarar nauyinsu ɗaya da ƙaramin. Ƙarfen da a da yake inci bakwai da rabi daga tsakiya yanzu ya koma inci tara. Nauyin bai ƙaru ba, amma ya matsa waje. Galibi ma ba a tsira da hakan, don babban rim da taya mai faɗi sun fi nauyi a kan sikeli.

A shekarar 2010 wata mujallar motoci ta ƙasar Amurka mai suna Car and Driver ta gwada wannan abu. Suka ɗauki mota ɗaya, ƙirar Volkswagen Golf, suka riƙa sauya mata ƙafafu tun daga inci 15 har zuwa inci 19, suna aunawa. Ƙafar inci 15 nauyinta wajen kilo 18 ne, ta inci 19 kuwa ta haura kilo 24. Da ƙananan ƙafafun motar ta tashi daga tsaye ta kai gudun mil 60 a awa, watau kimanin kilomita 97, cikin daƙiƙa 7.6. Da manyan sai da ta ɗauki daƙiƙa 7.9. Tafiyar da take yi da galan guda na mai kuma ta ragu da kashi 10 cikin 100.

Kowa ya duba waɗannan alƙaluma zai ga abu biyu. Na farko, ragin ƙarfin tashi bai taka kara ya karya ba. Ƙarin kilo 6 a kowace ƙafa kilo 24 ke nan a ƙafa huɗu, inji kuma yana jin sa kamar kilo 40 ko kusa da haka, watau kamar an ajiye maka kusan buhun siminti a mota an hana ka sauke shi har abada. Mota mai kilo 1,300 ba za ta durƙusa don buhu guda ba, sai dai mai ƙaramin inji zai fi jin abin, musamman in ya cika fasinja ya kunna na'urar sanyi. Na biyu shi ne maganar mai, kuma a nan ne aljihu yake ciwo. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ba direban da zai raina lita guda cikin kowace goma. Amma a yi wa nauyi adalci, ba shi kaɗai ya sha man ba. Faɗin tayar da irin robarta mai kama ƙasa su ma suna da nasu kason, don taya mai faɗi ta fi jan ƙasa, ta kuma fi tare iska. Su masu gwajin sun ga wani amfani, shi ne motar ta fi riƙe hanya a kwana da manyan ƙafafun. Sai dai a tuna a filin gwaji mai sumul kamar faranti suka yi aikinsu, ba a hanyar Jebba zuwa Mokwa ba.

Wa ya fi biyan wannan haraji? Mai aiki cikin gari. A kan doguwar hanya, in mota ta riga ta ɗauki gudu ta zauna a kai, nauyin ƙafa ba ya neman wani ƙarin mai sosai, don abin da ya riga ya juya yana son ci gaba da juyawa. Amma ɗan tasi da ke cikin gosulo a gadar Third Mainland, ya taka totur ya taka birki, kowane tashi sai ya sake sayen wannan juyi da mai, kowace tsayawa kuma birki ya ƙone shi ya mai da shi zafi. Ga mai ya tafi, ga takalmin birki yana cinyewa.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN SIFIRIN

Hanya ta biyu ita ce ta fi muhimmanci ga mai tafiya gida, don ba ta tsaya ga aljihu ba, ta taɓa rai.

Mota kashi biyu ce. Akwai abin da ke zaune a bisa sifirin: bodi, inji, kujeru, fasinja da lodi. Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin sifirin, wanda ba abin da ya raba shi da ƙasa: taya, rim, birki, boris da wani sashi na ƙarafan da ke riƙe da su. A ƙaramar mota wannan kashi na biyu ya kan kai kamar kilo 40 a kowace kusurwa. In ƙafa ta ci karo da tudu ko bakin rami, sai hanya ta wurga ta sama. Aikin sifirin ne ya mai da ita ƙasa maza-maza, aikin shokozoba kuma ta hana ta yin ta tsalle kamar ƙwallo. Kamfani ya auna ƙarfin sifirin da shokozoba ne daidai da nauyin ƙafar da ya sa wa motar. In ka ƙara mata nauyi, ka ba su kokawa da wanda ya fi ƙarfinsu.

Wanda ya taɓa noma a ƙasar laka da damina ya san misalin. Ka sa dutse mai kilo ɗaya a aljihu ka yi yini kana tafiya, ba za ka damu ba. Amma laka mai rabin kilo ta manne a ƙasan kowane takalminka, kafin ka kai bakin gona cinyoyinka sun gaya maka. Ƙafa mai nauyi wuyar ɗagawa gare ta, wuyar saukewa kuma inda ake so.

Ƙafar mota mai nauyi in an wurga ta sama ta fi daɗewa kafin ta dawo ta danne ƙasa sosai. A cikin wannan ɗan lokaci kuwa, ƙafar nan ba birki gare ta ba, ba sitiyari, don taya ba ta iya kome sai tana manne da kwalta. Kada mai karatu ya ce ai ɗan ƙiftawar ido ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 kowace daƙiƙa. Kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kusan mita uku ke nan. A hanya mai gargada ba sau ɗaya abin yake faruwa ba, jere yake yi, ƙafa tana ta buga ƙasa tana tashi. Shi ya sa za ka ji direba ya ce ya taka birki a gargada motar ta yi ta zamewa kamar a kan tsakuwa, ko ya shiga kwana bayanta ya yi tsalle gefe. In shokozoba ta riga ta mutu, abin ya zama goma da ashirin.

Ragowar bugun da sifirin ya kasa shanyewa kuma bodi yake shiga. Daga nan sai ƙara ta soma fitowa a gaban mota, robobin ƙarƙashi su tsage, boris ya yi kuka, shokozobar da ya kamata ta yi shekaru ta mutu da wuri, kamar ta saurayin nan na Agege.

Abin lura shi ne, ba nauyin ƙafa kaɗai ke yanke hukunci ba, sai an gwama shi da nauyin da ke danne ta daga sama. Duk karen mota ya san motar da ba lodi ta fi tsalle. Tirelar da ta sauke kaya a Apapa ta kama hanya wayam, bayanta rawa yake yi har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa, amma in an ɗora mata lodi sai ta natsu. Dalili shi ne ƙafafu da gatarinta nauyi gare su ainun, in ba kaya a sama ba abin da zai danne su. To, haka ƙaramar mota marar nauyi take zama in an sa mata ƙafafun da suka dace da babbar jif.

GEFEN TAYA SHI NE SIFIRIN NA FARI

Akwai wata hasara da ke tafiya tare da babban rim. Ramin da ƙafa take zama a jikin mota girmansa ɗaya ne, ba ya ƙaruwa. Saboda haka in rim ya girma, dole gefen taya ya ragu. Lambobin da ke jikin taya su ke faɗin wannan. Ɗauki 195/65 R15, wadda ƙananan motoci da yawa suke zuwa da ita. Lamba ta fari faɗin taya ce, milimita 195. Ta biyu tana nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, watau milimita 127. Ta ƙarshe girman rim ne, inci 15. Wanda ya koma 225/40 R18 tsayin ƙafar gaba ɗaya bai sauya sosai ba, amma gefen tayarsa ya dawo milimita 90. Ya ba da kusan santimita huɗu na roba da iska, ya karɓi ƙarfe a madadinsu.

Wannan roba da iska su ne suke fara karɓar duka kafin sifirin ya ji labari. In taya mai dogon gefe ta faɗa rami, sai ta lotsa ta dawo. In mai gajeren gefe ce, bakin rami ya kan matse ta har ya taɓa rim, sai gefen ya yi ƙari kamar ƙwai, ko ya tsage, ko rim ɗin kansa ya tafi. Taya mai ƙari kuwa ba ta gyaruwa, don zaren da ke cikinta ne ya tsinke. Ranar fashewarta kurum take jira.

Dattawan cikinmu suna tuna Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. A wannan shekarar ce ma irin wannan mota ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, inda ake gudu a turɓaya da laka. Rim ɗinta na ƙarfe ne, inci 14 tak, amma gefen tayarta ya kai wajen santimita 14, ga sifirin mai laushi da dogon numfashi. Da irin waɗannan ƙafafu marasa kwalliya aka yi shekara da shekaru ana zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano, fasinja yana barcinsa. Ban ce kome na da ya fi na yanzu ba. Motocin yau sun fi ta birki, sun fi ta tsare rai in an yi karo. Amma wajen ƙafa, mutanen da suka ƙera ta sun san hanyar da za ta bi.

ALOYI KO ƘARFE?

Masu sayarwa su kan ce rim ɗin aloyi, watau na alminiyum, ya fi na ƙarfe sauƙin nauyi. Asalin maganar gaskiya ce. Tun a 1924 kamfanin Bugatti ya sa wa motarsa ta tsere ƙafafun alminiyum. A manyan motoci ma, rim ɗin alminiyum na ƙwarai ya kan gaza na ƙarfe da kilo 10 ko fiye, mai tirelar da ke da ƙafa 18 ko 22 kuwa ya san abin da wannan ragi yake nufi wajen lodi. Alminiyum kuma ya fi ƙarfe saurin kwashe zafin birki ya watsar.

Amma aloyi iri-iri ne. Akwai wanda ake matse curin alminiyum da babban inji har ya ɗauki siffa. Shi ne mai ƙarfi da rashin nauyi, tsadarsa kuwa sai mai hali. Akwai kuma wanda ake narkawa a zuba a mazubi, kamar yadda maƙeranmu suke zuba tukunya. Yawancin na kasuwa irin wannan ne, kuma da yake bai kai na fari ƙarfi ba sai an yi shi da kauri. Sau da yawa in ka auna shi da na ƙarfe mai girma ɗaya sai ka tarar bambancin kaɗan ne, in kuma ya fi shi girma da inci biyu ko uku, to ya fi shi nauyi. Ƙyalli ba ya nuna nauyi, sikeli ke nunawa.

Ga kuma halinsu a rami. Rim ɗin ƙarfe lanƙwashewa yake yi, kowane bakanike a Mokwa ko Tegina zai buge maka shi da guduma ka lallaɓa ka isa gida. Na aloyi ya fi son tsagewa, in ya tsage kuma iska ta fita. Akan yi masa walda a shafe da fenti a mai da shi kasuwa kamar sabo. Wanda zai sayi na hannu ya juya cikinsa ya duba da kyau, ya shafa da yatsa. In ya ji tabon walda ya bar musu abinsu, kome araha.

KADA A GUJE WA NAUYI A FAƊA RAMI

Kada wani ya karanta abin da muka faɗa ya ce to, ashe taya mafi sauƙin nauyi ita ce mafi kyau. Ba haka ba ne. Akwai nauyin da ke aiki, akwai na ado. Tayar motar lodi nauyi gare ta don an ƙara mata zare da waya a ciki. Bas ƙirar Hiace, irin wadda ke ɗauko mutanenmu daga Sabon Badun da Shagamu zuwa Arewa, akan sa mata taya irin 195 R15C. Harafin C ɗin nan yana nufin ta motar aiki ce. Kusa da shi za ka ga lamba kamar 106, ma'anarta taya guda tana iya ɗaukar kilo 950. Tayar ƙaramar mota mai lamba 91 kilo 615 ne iyakarta. Dukansu biyu suna hawa rim ɗin inci 15, kuma ta ƙaramar motar ta fi araha, ta fi sauƙin ɗauka. A nan ne wasu masu motoci suke cin amanar fasinja. Bas cike da mutane, but ya ƙi rufuwa don kaya, rana ta take, kwalta kamar garwashi, a ƙarƙashi kuma tayoyin da aka yi don mutum biyar. Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta lotsawa take ta yi tana zafi, har robar ta rabu da wayar. Fasinja yana da ikon ya sunkuya ya karanta lambar nan kafin ya biya kuɗin mota.

Haka kuma tsohuwar taya ta fi sabuwa sauƙin nauyi, don hanya ta riga ta cinye robarta. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, sai tayoyin waje suka cika kasuwa, ciki har da 'yan tokumbo da wasu ƙasashe suka gama da su. A gefen kowace taya akwai wasu lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya soma da haruffan DOT. Biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Roba tana bushewa da shekaru ko da zanenta bai goge ba.

GIRAM TALATIN

Akwai kuma nauyin da bai kai a ji shi a hannu ba, amma yana girgiza mota duka. Ƙafar 195/65 R15 tana cin kusan mita biyu a kowane juyi. Watau juyi 500 ke nan a kilomita guda, daga Ikko zuwa Kano kuwa, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye, ta juya sau rabin miliyan. A gudun kilomita 100 tana juyawa sau 14 kowace daƙiƙa. Yanzu a ce gefe ɗaya na fuskar tayar ya fi ɗaya gefen nauyi da giram 30 kacal, abin da bai kai nauyin ƙwan kaza ba. Wanda ya taɓa wulwula majajjawa yana korar tsuntsu a gona ya san yadda ɗan dutse yake jan hannu in gudu ya yi gudu. A wannan gudu giram 30 ɗin nan yana fizgar ƙafa da ƙarfin da ya kai na kilo 7, sama da ƙasa, sau 14 a daƙiƙa. In an ninka gudu, fizgar ninki huɗu take yi.

Wannan shi ne rawar sitiyarin da direba yake ji in ya kai wani gudu. Maganinsa balansin, inda inji yake juya ƙafa ya nuna wurin da za a maƙala 'yar dalma. Abubuwan da ke ɓata shi kuwa sanannu ne: dalmar ta faɗi a rami, laka ta bushe a cikin rim bayan an bi hanyar ƙauye, ko mai faci ya yanko ƙaton guntun tsohuwar taya ya shimfiɗa a ciki don ya toshe yaga. Irin wannan faci na ƙarshe ya yi ka lallaɓa zuwa gari na gaba, amma bai kamata ya zauna a ƙafar gaba ba. Kada kuma a haɗa rim ɗin aloyi a dama da na ƙarfe a hagu a kan gatari ɗaya, sai fa safaya ta lalura.

Wasu kuma ba ado suke nema ba, tsayi suke so, don kada cikin mota ya riƙa gugar ƙasa a hanyar ƙauyensu. Sai su bar rim ɗin yadda yake su sa taya mai tsayi, misali 215/70 R15 a wurin 195/65 R15. Uzurinsu abin ji ne, amma su san abin da suka saya. Ƙafar ta fi ta asali tsayi da fiye da kashi 7 cikin 100, ta fi nauyi, nauyin kuma duk a can waje yake. Mota za ta yi kamar an tashe ta da giya ta sama, a hawa sai an yi ta sauko da giya, birki kuma ya rage kaifi. Maleji ma ya soma ƙarya: yana nuna 100, alhali kana gudun 107. In an cika lodi kuma tayar ta kan gugi bodi a kwana.

Girman tayar da kamfani ya zaɓa wa kowace mota, da yawan iskar da ya kamata a ba ta, suna rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wasu motocin kuma a cikin murfin tankin mai. A ganina wannan takarda ta fi shawarar duk wani mai shago, don shi mai shago abin da ke rumfarsa yake son sayarwa. A riƙa sa mai faci ya auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, a kuma tsaya a kansa ya bi lambar da ke takardar. Taya marar isasshiyar iska tana iya shan man da ya fi wanda nauyin rim yake sha, wadda aka cika wa iska fiye da kima kuwa tsalle take yi, ta cinye tsakiyarta.

Shi saurayin namu na Agege ya bi maganar dattijo, har ya wuce abin da aka ce masa. Allah ya sa bai sayar da tsofaffin ƙafafunsa ba, suna jingine a bayan ɗakinsa. Ya ɗauki guda, ya kwance sabuwa guda, ya kai wurin wani mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke da sikelin rataye. Sabuwar ta ɗara tsohuwar da kilo biyar da wani abu. Washegari ya mai da na asalin, ya kwashi masu ƙyallin zuwa Ladipo. Wanda ya sayar masa da su ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna masa inda bakin guda ya soma tsagewa daga ciki, ya ce rabin kuɗi zai biya.